Yadda za ka yi da tsohon bututu idan ka ci karo da shi wajen haƙa tafkin kifi a bayan gida

Ranar da diga ta ce ƙwal a ramin da muke haƙawa a bayan gidanmu, lebura ya ɗago kai ya ce, "Maigida, ga wani tsohon ƙarfe nan, in ɓalle shi?" Na leƙa. Bututun famfo ne na rabin inci, tsatsa ta cinye shi har ya saje da ƙasa. Unguwarmu a lokacin ta kusa wata biyu ba ta ga ɗigon ruwan famfo ba, mu kuwa da burtsatse muke amfani. Muka sa zarto muka yanke, ko danshi babu a ciki, muka jefar, aka ci gaba da haƙa. Bayan kwana tara, wajen ƙarfe uku na dare, aka kawo ruwa. Kafin kiran assalatu ramin ya cika ya tumbatsa, gindin katanga ya jiƙe sharkaf. Maƙwabcina na baya kuwa, wanda ashe ta filinmu bututunsa ya ratsa tun kafin a raba gidan gado, ya wayi gari kowa a layin yana tara ruwa ban da shi.

A garuruwanmu bututu busasshe ba matacce ba ne, wataƙila dai ba a kawo ruwa ba. Haka wayar wuta, don ta yi shiru ba shi ne ta mutu ba, wataƙila an ɗauke wuta ne. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan na gina su. Ni tarwaɗa na yi niyyar kiwo, amma ko karfasa ce, ko ɗan tafkin ado ne na shan iska, aikin ɗaya ne.

Mataki na farko: tambaya, kafin diga ta taɓa ƙasa

Nemi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan ko a layin. Tsohuwar da ta yi aure a gidan shekara arba'in da suka wuce ta fi kowane zane sanin abin da ke ƙarƙashin tsakar gida. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce, "Hajiya, a da ina famfon gidan nan yake? Ina aka yi shadda ta farko? An taɓa yin rijiya a nan?" Idan gidan saye ka yi, tambayi mai unguwa da maƙwabta na hagu da dama da na baya. Ka fi matsawa da tambaya idan gidan yanki ne na wani babban gida da aka raba, domin masu rabon gado katanga suke ja a sama, ba ruwansu da abin da ke ƙasa.

A birni irin Kano, ruwan famfo ya fara zuwa daga Challawa tun farkon shekarun 1930. Kusan shekara ɗari ke nan ana binne bututu, kuma ba al'adarmu ba ce a tone tsoho. In ya toshe ko ya ruɓe, sai a ja sabo a gefensa a bar shi a nan. Shi ya sa a tsoffin unguwanni, da gidajen gwamnati na da, da kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, za ka iya samun layi biyu ko uku kwance kusa da juna, ɗaya ne kawai ke aiki, kuma ba lallai ne mai kyan gani a cikinsu ba.

Mataki na biyu: zana gidan da toka

Ɗauki kwanon toka ka zaga gidan. Sa alama a inda ruwa ke shigowa daga titi, da kowane famfo har da wanda aka daina amfani da shi, da gindin tankin sama, da bakin burtsatse, da kowane banɗaki da madafa, da cemba (ƙaramin rami mai murfi da bututun banɗaki ke bi ta ciki), da sokawe, da inda indararo ke zuba. Sannan ka ja layi tsakanin abubuwan da dole su haɗu: banɗaki da cemba, cemba da shadda, burtsatse da tanki, tanki da famfo. Mai gyaran famfo ba ya son ɓarnar bututu, hanya mafi kusa yake bi, saboda haka miƙaƙƙen layi tsakanin wuri biyu shi ne zato mafi ƙarfi.

Kada ka manta da wuta. Wayar da ke zuwa injin burtsatse, da wadda ke zuwa ɗakin baya ko fitilar katanga, da ta ɗakin janareto, sau da yawa ta ƙasa aka bi da su. Su ma ja musu layi.

Ƙasa kanta tana magana. Wurin da ciyawa ta yi kore shar da rani, ko danshi da ba ya bushewa, ko doguwar loɓawa kamar an ja igiya, ko facin siminti a miƙe a tsakar gida, duk alamu ne. Idan ka gama, ka duba inda layukan toka ba su ratsa ba. Nan za ka fara tunanin sa tafki. Ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakaninsa da katanga, in katangar ƙasa ce ka ƙara.

Mataki na uku: ramin gwaji, da maganar jinga

Kada a fara daga tsakiya. A fara da siririn rami, faɗin shebur, a zagaye iyakar tafkin gaba ɗaya. Duk bututun da ya ratsa wurin dole ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta wani, don haka wannan ramin zai kama shi kafin a yi ɓarna. Bututun cikin gida yawanci bai wuce zurfin ƙafa ɗaya zuwa biyu ba, sai dai na banɗaki yakan ƙara nitsewa idan ya doshi shadda. Tsoffin gidaje kuma an sha yi musu ciko, abin da aka binne a ƙafa ɗaya a da yanzu yana iya kasancewa a ƙafa uku. A bi ramin gwajin har zurfin da tafkin zai kai.

Da rani ya fi kyau a yi wannan aiki, amma ƙasa tana tauri. A jiƙa ta da yamma, a haƙa da safe, yadda shebur zai ci ba sai an ɗaga diga sama da kai ba. In dole sai diga, a yi da bakinta mai faɗi, a kankara a kwance, ba sara ba.

Ga abin da na koya da kuɗina: kada ka ba da wannan sashe jinga. Lebura mai jinga sauri yake yi don ya gama ya tafi wani aikin, kuma in ya fasa abu, zai iya tura ƙasa a kai ya yi shiru. Ba mugunta ba ce, tsoron a cire masa a kuɗinsa ne. Biya shi kuɗin yini, ka ce masa, "Malam, duk abin da ka ji ya yi ƙara, tsaya ka kira ni. Ko ka fasa, ba zan taɓa kuɗinka ba." Idan an tabbatar wurin lafiya ne, sauran haƙan a ba da jinga ba laifi.

Ku lura da canjin ƙasa. Jar ƙasa ta koma yashi kwatsam, ko jerin gutsattsarin bulo a kwance, ko leda mai launi a miƙe, duk suna nufin wani ya taɓa tona nan ya binne abu, ya kuma so a sani.

Mataki na huɗu: an same shi, mene ne shi?

A ajiye diga. A koma cokalin gini da hannu, da safar hannu mai kauri. A buɗe bututun kamar mita ɗaya ta kowane ɓangare, a wanke shi da ruwa don a ga jikinsa. Kada a ja shi, kada a taka shi, kada a sa rodi a ɗaga.

Bututun ƙarfe na famfo shi ne aka fi gamuwa da shi: rabin inci zuwa inci ɗaya, da tsatsa, da mahaɗi mai zare, maganaɗisu yana kama shi. Na roba kuwa iri-iri ne. Fari ko toka-toka mai inci huɗu, mara kauri, na banɗaki ne ko na ruwan sama. Mai inci ɗaya da rabi ko biyu, na wurin wanka ne ko madafa. Ƙarami mai kauri na ruwan sha ne. Akwai baƙar roba mai lanƙwasa da ake sayarwa a naɗe, akwai kuma kore na zamani da ake haɗawa da zafi, wanda in ka gan shi ka san aikin bai daɗe ba, mai yiwuwa yana aiki.

Biyu ne ke yaudarar mutane, kuma su ne masu kisa. Siririn farin bututun da ake zura wayar wuta a ciki ya yi kama da na ruwa mai rabin inci, in ba ka saba ba ba za ka bambance su ba. Baƙin kebul mai sulke kuma ya yi kama da baƙar robar ruwa, sai dai ya fi ta nauyi da tauri. Duk ƙaramin bututu fari ko baƙi, ka ɗauka wuta ce a ciki har sai mai gyaran wuta ya ce ba ita ba ce. Ɗora testa a bayan roba ba ya nuna komai. Kashe wutar gidanka ma bai wadatar ba, sai ka tuna da janareto da inbata na sola, kuma in wayar ta maƙwabci ce, makunninka ba ya kashe ta.

A gidajen gwamnati na da za ka iya samun bututun yumɓu mai ƙyalli, ruwan ƙasa, guntu-guntu, kowane da faffaɗan baki da na gaba ke shiga, ko baƙin ƙarfe mai kauri na zubi. Duk na ƙazantar banɗaki ne. Sai kuma wanda ya yi kama da siminti, toka-toka, in ya ɓalle ka ga zare-zare a bakinsa kamar tsohon silin. Wannan asbestos ne, zan dawo kansa.

Mataki na biyar: yana da rai ko ya mutu?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne haƙuri ke ƙarewa, domin rami a buɗe yake, lebura na jira, kai kuma ka riga ka yi wa mai 'ya'yan kifi alkawari.

Fara da na ruwan sha. Kunna injin burtsatse, ka ɗora bakin sukundireba a jikin bututun, ka kanga kunnenka a mariƙinsa. Ruwa mai tafiya yana da sauti. Ka sa yaro ya buɗe famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Taɓa shi da bayan hannu, mai ruwa ya fi ƙasar da ke kewaye da shi sanyi. In duk wannan bai nuna komai ba, abin da ka tabbatar kawai shi ne ba na tankinka ba ne. Saura na hukumar ruwa, wanda ba za a iya gwada shi ba sai ranar da aka kawo ruwa. Ka roƙi maƙwabta duk wanda ya ji famfo ya yi tari ya buga maka waya, ko da tsakar dare ne, ka fito da tocila ka saurara.

Na banɗaki ya fi sauƙi. Jiƙa bula a bokiti, ka zuba a masai ɗaya, wani yana tsaye a bakin rami yana saurare, wani kuma ya ɗaga murfin cemba yana kallon ta inda shuɗin ruwan zai fito. A yi wa kowane banɗaki da wurin wanka da madafa daban. Sannan ka je ka yi sallama da maƙwabci: "Alhaji, don Allah a taimaka a zuba bokiti biyu a banɗakinku na baya, akwai abin da nake dubawa." Kunyar wannan roƙo ba ta kai ta ranar da ƙazantarsa za ta dawo masa tsakar gida saboda kai ka toshe hanya ba.

Na ruwan sama shi ne mai wayo. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙura ce kawai a cikinsa da gidan gizo-gizo, a watan Agusta kuwa shi ke kwashe ruwan rufin gida biyu. Zuba ruwa a gindin kowane indararo da kowace rariya ka ga ko zai biyo ta nan.

In duk gwaji ya nuna shiru, saura hujja ɗaya da ni na yarda da ita: a bi bututun da haƙa ta ɓangaren da ruwa zai fito, har a ga ƙarshensa da ido, a tabbatar dama can a yanke yake ko a toshe. Idan ya shige ƙarƙashin katanga ya nufi gidan wani ko titi, ba ka ga ƙarshensa ba ke nan, kuma hukuncinsa hukuncin mai rai ne. Wanda ya fito daga titi bai kai ga makullin ruwan gidanka ba, ko wanda girmansa ya wuce na aikin gida ɗaya, ba naka ba ne. Je ofishin hukumar ruwa na yankinku ka shaida musu, su zo su gani.

Mataki na shida: a matsa, a karkatar, ko a cire

Kafin ka zaɓa, yi wannan lissafi. Tafki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1.2, yana cin lita 7,200. Jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 guda 288 ke nan, nauyin tan 7 da ɗoriya, ban da bulo da kankare. Wannan nauyi ba a ɗora shi a kan tsohon bututu. Ko bai fashe yau ba, ranar da ya fara yoyo ba ka da hanyar kai masa hannu sai ka kwashe kifi ka fasa daɓe. Yoyon kuma a hankali yake wanke ƙasar da ke ƙarƙashi, har wata rana ka ga tsaga a bango, ruwa na raguwa ba ka san ta ina ba.

Saboda haka bututu mai rai ba ya kwana a ƙarƙashin tafki. A ganina, matsar da tafkin shi ne mafi arha a mafi yawan lokuta, ko da an riga an yi rabin haƙa. Kuɗin lebura na kwana biyu bai kai kuɗin kayan famfo da mai gyara ba. Tarwaɗa ba ta damu da siffar gidanta ba, in wurin ya zama dogo siriri, ko ya ragu da rabin mita, ba abin da zai same ta. Ka bar kamar mita ɗaya tsakanin bangon tafki da bututun, don mai gyara ya samu wurin tsugunawa wata rana. In filin duk bututu ne, bar haƙan gaba ɗaya, ka yi na bulo a saman ƙasa ko na tamfol mai ƙafafun ƙarfe, shi ma a wurin da ba komai a ƙarƙashi.

Idan matacce ne

Kada a yanke shi daidai bakin tafki. A bi shi rabin mita zuwa mita ɗaya a wajen iyakar, ta kowane ɓangare. A fara da ɗan tsaga a samansa da zarton hannu, a dakata a gani. In ruwa ya ɗan tsiyaye ya tsaya, kwantacce ne. In ya yi tsartuwa, a naɗe wurin da robar tayar keke a ɗaure tam, a koma mataki na biyar.

Bayan an cire na tsakiya, dole a toshe bakunan biyu da suka rage a ƙasa. Mutane suna raina wannan, amma buɗaɗɗen bututu hanya ce: ruwan damina zai biyo ta ciki ya taru a bayan bangon tafki, ƙasa za ta riƙa zurarewa ciki har sama ta loɓa, ɓera da maciji kuma sun samu gida. Ƙaramin na roba a sa masa murfinsa da gam. Na ƙarfe, in zarensa na da kyau a ɗaura masa toshi, in ya ruɓe a bubbuge bakin ya lanƙwashe a rufe shi da kankare. Babba mai inci huɗu ko fiye, a cusa buhun siminti a ciki kamar tsawon ƙafa ɗaya don ya tare, sannan a cika da kankare har baki. Da na yi wa nawa ko da wannan toshin, da maƙwabcina ne kaɗai zai yi fushi, katanga ba ta jiƙe ba.

Gurbin da bututun ya bari a cike shi kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe, a ƙara. In aka tura ƙasa gaba ɗaya, nan ne daɓen tafki zai fara tsagewa. A tsince duk ɓarɓashin tsatsa da gutsuren roba, musamman in tamfol ko leda za a shimfiɗa, guntu ɗaya mai kaifi ya isa ya huda ta. Wanda ƙarfe mai tsatsa ya yanka ya wanke da sabulu ya tafi asibiti a duba maganar allurar tetanus, kada a tsaya shafa man birki ko toka.

Idan mai rai ne kuma dole a karkatar

Wannan aikin mai gyaran famfo ne, amma ka san abin da za ka sa wa ido. In bututun na maƙwabci ne, da saninsa za a yi, a gabansa, kuma kuɗin a kanka yake tunda kai ne mai buƙata.

Na ruwan sha ba shi da wuya, domin matsi ke tura shi, zai bi kowace kwana. A rufe ruwa, a yanke, a zagaya da sabon bututun roba mai kauri ta gefen tafkin. Inda matsala take shi ne haɗa sabon roba da tsohon ƙarfe. Ana yi da adafta mai zare da farin tef, amma tsohon zare yakan ruguje a hannu. Kada a yarda da ɗaurin robar taya a binne. A bi ƙarfen baya har mahaɗi mai lafiya, in babu, a canza layin duka, tunda cikin tsohon ƙarfe ma tsatsa ta riga ta cushe rabinsa. Wajen sa gam, a yanke bakin daidai, a kankare gashin da zarto ya bari, a goge ya bushe, a shafa a ciki da waje, a tura tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar daƙiƙa 30. A bar shi ya kwana kafin a sake ruwa. Kuma kada a binne sai an ga ruwa ya bi ta ciki da ƙarfinsa, mahaɗan a bushe.

Na banɗaki shi ne mai wahala, don gangara ce kaɗai ke tafiyar da shi. Bututu mai inci huɗu yana son saukar kusan santimita 2.5 a kowace mita. In zagayen ya ƙara masa mita 4, yana buƙatar ƙarin saukar santimita 10, kuma bakin cemba ko shadda ba zai sauka don kai ba. A auna tukuna da siririn tiyo mai ruwa irin na magina. In gangarar ba ta isa ba, a haƙura, a matsar da tafki. In ta isa, a guji kwana mai kaifi, a yi da elbo (mahaɗin kwana) biyu masu lanƙwasa kaɗan, ko a gina ƙaramar cemba a kwanar don ranar toshewa.

Kowane iri ne, a shimfiɗa yashi kamar santimita 10 a ƙasansa da samansa, a jera gutsuren bulo a kai kafin a mai da ƙasa, don mai haƙa na gaba ya ji gargaɗi.

Abubuwa biyu da ba a taɓawa

Asbestos, muddin yana kwance a jiƙe ba a fasa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙurarsa ce cuta: zarenta yana maƙalewa a huhu, kuma sai bayan shekaru masu yawa ciwon ke bayyana, har da sankara. Kada a sa masa giranda, kada a fasa shi da guduma. In an riga an ɓalle shi, a jiƙa wurin, a kori yara, a sa takunkumi mai kyau, a kwashe gutsattsarin a jiƙe cikin leda biyu a ɗaure. Irin wannan bututu galibi babban layin hukuma ne, su za a kira.

Na biyu shi ne inda bututun ya kai ka. In ƙasa ta fara amsawa kamar ganga, ko aka ci karo da murfin kankare, ko rodi ya shige zuruf ba turjiya, to tsohuwar shadda ce, ko sokawe, ko rijiya da aka rufe. Kowa ya fito daga ramin. Kada a leƙa da ashana ko sigari, iskar ciki tana kama wuta. Kada kowa ya shiga. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke kwanciya a ƙasan irin wannan rami, in ta yi yawa hanci ma ya daina jin ta, mutum ya faɗi cikin daƙiƙoƙi, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. In tsautsayi ya faru, 'yan kwana-kwana ake kira. Wurin kuma ya tashi daga lissafin tafki, ko an cike shi, domin cikon rami yana shekaru yana zama. Haka filin da asalinsa kududdufi ne aka cike da shara, irin wanda ya yi yawa a cikin birni, tafkin saman ƙasa mara nauyi ne ya dace da shi.

Kwaɗayin amfani da tsohon bututu

Zai zo maka a rai, ni ma ya zo mini: ga bututu a kwance kyauta, me zai hana ya zama na shigo da ruwa ko na fitarwa? Na shigowa, tsohon ƙarfe yana sakin tsatsa da sinadarin da aka shafe shi da shi, kifi ba ya so, musamman ƙanana. Sa sabon roba. In ruwan hukuma za ka yi amfani da shi, tara shi a buɗaɗɗen tanki kwana ɗaya ko biyu sinadarin kulorin ya fita kafin ya shiga tafki.

Na fitarwa ya fi haɗari. Ruwan tarwaɗa yana da wari, kuma ana canza shi a kai a kai. Ka tura lita dubu bakwai cikin bututun da ba ka san ƙarshensa ba, yana iya ɓullowa a ɗakin wani ko a gindin gininka. Sokawen gida ma ba a yi shi don wannan ba, sau biyu ka juye masa zai cika. Ja sabon layi mai inci biyu ko uku da makulli, ka kai shi lambatu in unguwa ta yarda, ko mafi kyau ka karkata shi ga ayaba da zogale da alayyafo, taki ne a wurinsu.

Kafin a zuba kankare

Ɗauki hoton kowane bututu da wayarka kafin a rufe, ka auna nisansa daga kusurwar gini da daga katanga, ka zana a takarda, ka ajiye tare da takardun gida. Sannan ka bar ramin a buɗe. A kewaye shi da langa-langa ko itace saboda yara da awaki, a bar shi har a kawo ruwa sau ɗaya a unguwa, har kowane banɗaki na gidan da na maƙwabta ya yi aikinsa na 'yan kwanaki. Kowace safiya ka sauka ka shafa bangon ramin da tafin hannu, ka duba wuraren da aka toshe. Inda ka ga ƙasa ta yi duhu, ko ka ji sanyin danshi, a nan za a sake tonawa. In mako ya zagayo, an kawo ruwa an ɗauke, bango a bushe ta ko'ina, kira magini ya zo da siminti.